Kiret Ɗaya a Bayan A-kori-kura

Duk layin masu kaji, in ka ce Uwar Kiret, kowa zai nuna maka shagonta: na uku daga bakin famfo, mai ƙofar ƙarfen da ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Ƙwai take sayarwa, kuma ba jiya ta fara ba. Da faranti ɗaya a ka ta soma, lokacin maigidanta yana gadi a wani kamfanin katifa, albashinsa ba ya kai su tsakiyar wata. Daga faranti ta koma baro, daga baro ta kama rabin shago ita da wani mai gawayi, har shagon ya zama nata ita kaɗai. Da ciwon ƙafa ya zaunar da maigidan, ƙwai ne ya riƙe gidan. Shi ya biya haya, shi ya yi wa 'yan mata biyu makaranta, shi ya kai ɗanta namiji tilo gareji koyon kanikanci. Yaron bai gama ba. Ya dai fito da iya tuƙi, da akwatin sifanu, da sunan da abokai suka laƙaba masa, Injiniya, kuma uwar ce ta fi kowa jin daɗin kiransa da shi.

Mace ce da ba ta san "kusan" ba. Kiret ƙwai talatin ne, ba ashirin da tara ba. In aka sauke mata kaya sai ta bi su da yatsa sahu-sahu, wanda ta yi shakka ta ɗauko biyu ta gwara su a hankali kusa da kunne, domin mai tsaga muryarsa daban ce. Fasassu ta ware a roba, mai shayi ya kwashe a rabin kuɗi. Wannan robar ita ce baƙin cikin rayuwarta, kuma motar haya ce ke cika ta. Gonar kajin da take sari tana can bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Direbobin haya su zo a makare, su ɗora wa ƙwanta buhunan wani, su taka totur kamar duwatsu suka ɗauko. Mutum ɗaya ne ba ya fasa mata kaya, wani dattijo da ake kira Baba Sannu saboda tafiyarsa. Shi kuma motar ubangidansa yake ja, wadda zamanta a gareji ya fi zamanta a kan hanya.

Ana haka mai wani babban gidan burodi da take kai wa ƙwai, wanda ke yin kek har da na otal-otal, ya aiko a kira ta.

"Ƙwanki ba ya ba ni kunya," in ji shi. "Uzurinki ne ya ishe ni. Yau direba bai zo ba, gobe taya ta yi faci. Kiret ɗari uku nake so duk mako, a sauke su gaba ɗaya kafin a kunna injin kwaɓi. In kina da mota taki, aikin naki ne ke kaɗai. In babu, ga masu jira."

Ba ta ko tsaya a shago ba. Ta tattara abin da ta daɗe tana tarawa, ta sayar da ɗan filin da ta saya da niyyar gini, ta ce wa Injiniya ya shirya, za su filin dillalan mota.

Maigidan yana zaune a tsakar gida, ƙafa a kan kujera, ya ce, "Da kin tafi da Baba Sannu. Ya ga mota iri-iri."

"Ina da injiniya a ɗaki in je roƙon bare?" Ta ɗauki kiret biyu da igiya, ta yi gaba.

Filin cike yake da motocin da suka ga duniya, an wanke su an shafa wa tayoyinsu baƙi. Ta zaga sahu huɗu, ta ƙi wadda ke ɗigar mai, ta ƙi wadda aka cike ƙofarta da fenti, ta ƙi wadda dillali ya yi ta rantsuwa a kanta tun ba a tambaye shi ba. Aka rage biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Farar a-kori-kura, fentinta ya koɗe, bayanta duk zanen kaya, amma inji na kaɗawa tsaf. Sai baƙar jif mai kujerun fata da na'urar sanyi, wadda tun shigowarsu idon Injiniya bai sauka daga kanta ba.

Uwar Kiret ta auna bayan farar da tafin hannu. Jeri biyar a tsaye, biyar a kwance, a ɗora sha biyu sha biyu: ɗari uku cif. Zuciyarta ta kwanta.

"Umma, wannan fa jaki ce," in ji Injiniya. "Ƙwanki ba siminti ba ne."

"Za mu gani."

"Uwata, me za ki yi da ƙwai a nan?" in ji dillali yana dariya. "Soya mana za ki yi?"

"Kai kana da baki, ɗana yana da baki. Ƙwai ne ba ya karɓar la'ada. Akwai hanya mai gargada a kusa?"

Akwai, a bayan filin, wadda ta nufi juji. Ta ɗaure kiret ɗaya a tsakiyar bayan a-kori-kura, shi kaɗai tal a wannan fili duka, ta shiga gaba, dillali ya matsu a gefenta, Injiniya ya ja. Tun ramin farko motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta. Bayanta na dukan ƙasa yana tashi, haƙoran Uwar Kiret na haɗuwa.

"Kai, a hankali mana!"

"A hankalin ke nan, Umma. Haka take."

Da suka dawo, gwaiduwa na bin ƙarfe. Ta ƙirga: sha ɗaya sun fashe, huɗu sun tsage. Rabin kiret. A kanta ta buga lissafin rabin ɗari uku.

Dillali ya sosa ƙeya. "To ai ita irin wannan, in dai ba a..."

"Mai gida, nawa za ka rage mana a baƙar?" Injiniya ya katse shi, ya riƙo hannunsa ya ja shi gefe. Dillali ya dubi yaron, ya dubi jif, wadda ta fi daɗewa a filin ba mai taya ta, ya haɗiye sauran maganarsa.

Aka sa kiret na biyu a bayan jif, kan shimfiɗa mai laushi. Hanya ɗaya, ramuka ɗaya. Motar ta bi su tana lilo kamar ana rarrashin jariri, sanyi na busa mata fuska. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta gwara a kunne. Talatin, lafiya lau.

"Ni ban ce komai ba," in ji Injiniya. "Ƙwanki ya yi magana."

Ta waiwayi farar motar sau ɗaya, ta biya kuɗin baƙar.

Ranar da aka shigo da jif layin masu kaji, har masu figar kaji sun bar tukunyar ruwan zafi sun fito kallo. Daɗin bai kai mako ba. Ko an kwantar da kujerun baya, kiret ɗari take ci, shi ma sai Injiniya ya shimfiɗa kwali yana mitar za a ɓata fata. Ɗari uku ya zama sawu uku, gonar kuma ba a bayan ɗaki take ba. Sawun farko ya isa a kan kari, na biyu ya tarar an kunna inji, na uku ya tarar ma'aikata sun harɗe hannu suna jira. Ga shan mai kamar tankin a huje yake. Ga dangi, waɗanda ba su taɓa tambayar yadda ƙwai ya kwana ba, yanzu kowa ya san hanyar gidan: kawu zai kai matarsa asibiti, gwaggo za ta tarbi baƙi a tasha, surukin wance yana son a gan shi a taro. Wa zai ari a-kori-kura ya je taro? Injiniya kuwa ya sayi baƙin tabarau, ya koyi tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan a kan taga.

Mai gidan burodi ya yi haƙuri iya nasa. Daga baya ya rage ta zuwa kiret ɗari, sannan wata safiya ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, ya ba wa wata aikin. Matar kuwa ba baƙuwa ba ce, mai shago na bakwai a layinsu, wadda Uwar Kiret da kanta ta koya wa gwara ƙwai a kunne.

Bayan nan ne wata rana Injiniya ya sauke ta a gona, ya ce zai je ya dawo yanzun nan. Ta zaɓi kayanta, kiret arba'in na shago, ta zauna a kan bulo. Rana ta ɗaga. Wayarsa na ta ƙara ba a ɗauka. A gabanta ana loda wa mai shago na bakwai kaya a wata farar a-kori-kura, kuma tun kafin ta ga zanen bayanta ta gane ta. Baba Sannu ne ke ɗaure igiya.

"Uwar Kiret, ke kaɗai? Ina mai baƙar?"

"Yana hanya."

"To hanyar ta yi tsawo. Shigo in rage miki, naki arba'in ɗin sa hau sama, in na sauke na mutane in kai ki shago."

Ta so ta ƙi. Ƙwai ba ya son rana, sai ta shiga. Ta dafe ƙofa da hannu biyu tana jiran dukan da ta sani. Ramin farko ya zo, motar ta nutsa ta taso a hankali kamar an danna katifa. Na biyu haka. Har suka hau kwalta ba ta ji ƙarar ƙarfe ba.

A gidan burodi ba ta fito ba. Ta madubin gefe take kallon ana saukewa, leɓenta na motsi, domin ko kayan wani ne ba ta iya ganin ƙwai ta ƙi ƙirgawa. Kiret ɗari uku. Ƙwai dubu tara. Mai duba kaya ya ware fasassu a tafin hannunsa: uku.

Da suka ɗau hanyar shago ta ce, "Baba, me ka canza mata?"

"Ni? Baƙin mai kawai. Bashi na ci na saye ta, ina na ga kuɗin canji?"

"Na gwada ta. Kiret ɗaya na sa, ta fasa rabi."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Kiret ɗaya! Haba, ke kuwa. Ganyen sifirin ɗinta, ƙarfen nan da ke tallafe bayanta a kan tayoyi, ai don nauyi aka yi shi. In babu kaya tsalle take yi kamar ɗan akuya, in ta ji kaya sai ta kwanta. Wannan ko mai wanke sifana a gareji ya sani. Injiniya bai gaya miki ba? Ai shi ya tare ni a bakin famfo ya ce kar in bari ta wuce ni. Ya ce lafiyayya ce, kaya kawai take so." Ya juyo ya ga fuskarta, dariyar ta tsaya. "Na ɗauka ke ce ba kya son ta."

"Ni ce," in ji ta. "Kalli hanya."

Sai da yamma jif ta shigo layi, an wanke ta tana ƙyalli, kiɗa na tashi. Injiniya ya fito da uzurinsa a baki, wani aboki ne, wata matsala ce. Ta bar shi ya gama. Sannan ta shiga shago ta jawo akwatin sifanunsa, wanda ya yi ƙura a ƙarƙashin benci, ta ajiye a gabansa.

"Kwance kujerun baya. Duka. Da shimfiɗar."

"Umma, fata ce fa! In aka cire, darajar motar..."

"Ganyen sifirin don me aka yi shi?"

Ya cire tabarau. Ya dubi masu figar kaji, waɗanda suka sake barin tukunya suka fito.

"Ni fa gani na yi kin sha wahala," ya ce a hankali. "Na ce ke ma ki shiga mota mai sanyi, a san..."

"A san wa? Ni a gaba nake zama, kai kake ɗora hannu a taga. Na kai ka gareji da kuɗin ƙwai don ka san abin da ban sani ba. Ka kuwa sani. Kwance."

Ya durƙusa ya kwance, noti bayan noti, tana tsaye tana karɓa tana zubawa a robar fasassun ƙwai. Da aka fitar da komai ta shiga ta auna da tafin hannu. Ɗari da sittin. Ko a haka bai kai ba, kuma ko ya kai, aikin ya riga ya tafi shago na bakwai.

Har yau jif ɗin na zuwa gona, cikinta fayau, tana ƙarnin ƙwai, kuma tun daga ranar babu ɗan'uwan da ya sake zuwa aro. Injiniya ke ja, ba tabarau. Suna gaisawa, tana zuba masa abinci, amma ta daina kiransa da sunan nan. "Kai" take cewa. Maigidan bai taɓa tuna mata maganarsa ba. Kujerun fatar suna ƙofar shago, an tokare su da bulo, rana ta fara tsattsaga su. A kan ɗaya take zama tana sayar da ƙwai biyar-biyar, goma-goma. Duk mako farar a-kori-kura na wucewa ta gabanta a hankali, kaya har sama, Baba Sannu ya ɗaga mata hannu. Takan ɗaga masa. Leɓenta kuma na motsi: biyar a tsaye, biyar a kwance, sha biyu sha biyu.