Kaina Ne Rumbun Lambobinsu

Kafin in lalace, cajin waya nake yi a kasuwar Kankia. Rumfata da ɗan janaretana, ba ruwana da kowa. Boko ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kai: lamba in na ji ta sau ɗaya, ta zauna ke nan.

Mutanenmu na ƙauye ba su son riƙe lambar sirri. Manomi zai zo daga Mawashi ko Yashe, an buɗe mashi asusu a waya, sai ya miƙo mani ya ce in zaɓa mashi lamba in riƙe. A wurinsu kamar ajiye hatsi ne a rumbun maƙwabci, kunya ma suke ji su ɓoye mani. Kai, na ji daɗin lokacin nan! Ran kasuwa ana ta tambayata, ina zubo lambobi, ana mamaki.

Da katin waya na fara. Wayar mutum na caji a hannuna, in saya wa kaina kati daga asusunshi, in goge saƙon. Ba wanda ya lura. Sai hannu ya saba.

Baba Ilu, wani dattijon Yashe, ɗanshi ya turo mashi kuɗin taki daga kudu, na kwashe. Da mai taki ya ce asusun ba komai, wurina tsohon ya zo in duba mashi. Na ce matsalar banki ce. Damina ta wuce masararshi ba ta ga taki ba. Ɗan ya dawo ya bi sawu a banki, sai ga sunana.

A kotu Baba Ilu bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, da ka ce ba ka iya riƙewa, ai da na kai wani wuri."

Na yi zamana a gidan yari, na fito da furfura. Ɗiyata ta nuna mani manhaja a wayarta mai ajiye lambobin sirri, kowane asusu da tashi, duk a kulle da mabuɗi ɗaya da ita kaɗai ta sani. Na ce ta faɗa mani mabuɗin. Ta yi dariya ta ce, "Baba, har kai ba zan faɗa wa ba."

Wallahi ban taɓa jin daɗin a hana ni abu irin ranar ba!

Na je Yashe na durƙusa. Tsohon ya yafe, amma daminar nan ba ni da yadda zan maido mashi ita.

Samari, lambarku taku ce, ta wani kuma kada ku karɓa. In tsoho ya miƙo maku waya, ku kau da kai ya danna da hannunshi.