Akushin Gidan Masaƙi

Ni ne na yi laifi, kuma ba zan jingina shi ga kowa ba. Na daɗe ina cewa gaggawar damina ce ta ja ni, wani lokaci in ce attajiri ne ya tunzura ni. Duk ba haka ba ne. Bakina ne, da son a ce ni na yi.

A unguwarmu, kusa da ganuwa ta wajen da ake gangarawa fadamar Rima, akwai wata tsohuwa da mijinta mahauci ya rasu ya bar mata gida mai fili. Kowa Inna yake ce mata. Tun ina saurayi take ɗora manyan tukwane biyu kullum, kunu da safe, tuwon dawa da la'asar. Makafi suna zuwa, da guragu, da baƙin da suka shigo Sakkwato ba su san kowa ba. Mahauta suna aiko mata da ƙashi da kayan ciki, manoma in sun shigo da kaka su sauke dami a ƙofarta su wuce. Gidan sadaka muke kiran wurin, ko da yake rumfar zana ce kawai da wani tsohon ɗaki na ajiyar hatsi.

A daminar da ta wuce kafin abin da zan faɗa, bangon ɗakin ya faɗi, ya fasa tukunya ɗaya, geron da ke ciki ya ruɓe. Sai mai unguwa ya tara mu bayan sallar Juma'a, aka yanke cewa za a gina mata soro sosai, da madafa da wurin ajiya, kafin ruwa ya sake sauka. Ni baduku ne, karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba, amma an san ni da iya magana. Aka ce ni zan bi gida-gida da kasuwa in tattaro taimako. Na karɓa ina ta cewa ban isa ba, alhali zuciyata kamar an naɗa ni sarauta.

Da fari abin ya tafi daidai. Mata suka ba da zaren da suka kaɗa, mahauta suka ba da fatu aka sayar, magidanta suka yi gayya a bakin kududdufi suka zuba tubali. Bango ya tashi har ya wuce kan mutum. Abin da ya rage shi ne azara, itacen giginya da ake shimfiɗawa a ɗora rufin ƙasa a kai. Daga nesa ake kawo ta, kuma ba ta da araha. Na zaga inda zan zaga, abin da na samu bai isa rufe kusurwa ɗaya ba. Ga zafi ya tsananta, da yamma hadari ya fara haɗowa daga gabas yana watsewa.

Maginin, wani gajere mai yawan zolaya, ya tare ni a gindin bango ya ce, "Baduku, in ruwan fari ya iske wanga gini a buɗe, kira Inna ta kawo ludayi. Kunun ƙasa za mu raba wa jama'a."

Na yi dariya, amma na san gaskiya ya faɗa. In bangon ya narke, gumin unguwa duka ya tafi, kuma ni za a nuna.

Akwai abin da ya kamata in bayyana a nan. Ba masu zuwa da ƙoƙo kaɗai Inna take ciyarwa ba. Akwai gidajen mutanen kirki da duniya ta juya wa baya, waɗanda gara su mutu da yunwa da a gan su a ƙofar sadaka. Waɗannan, akushi take cika musu ta rufe da faifai, wata mace ta ɗauka ta shiga da shi kamar yadda maƙwabta ke aika wa juna abinci. Su kuma ba sa mayar da akushin haka nan. Sai sun saka wani abu a ciki, ɗan ɓarin goro, ko garin kuka, ko ƙullin gishiri. Ta haka abin ya zama zumunci, ba bara ba. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, kuma ba wanda yake ambatonsa.

Mai ɗakina tana cikin matan da ke taya Inna tuƙi, ita ce ke kai akushi gidan wani dattijo masaƙi. Abokin mahaifina ne, shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. A da, fararen da yake saƙawa manya ke saya. Idonsa ya dushe, ɗansa guda ya rasu, ya rage daga shi sai tsohuwar matarsa da jikoki mata biyu. Kullum za ka gan shi a sahun gaba da wankakkiyar riga, ba ka cewa komai ya same shi. Abin da suke mayarwa a akushin ɗan dunƙulen zare ne. Mai ɗakina ta faɗa mini wannan sau ɗaya, cikin tausayi, ta ce in riƙe a cikina.

Da na rasa mafita sai na nufi gidan wani attajiri, falken goro da bai daɗe da dawowa daga Gwanja ba. Da hantsi ne, zaurensa cike da masu gaisuwa da 'yan cin arziki. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Ashe baduku ya ajiye basilla ya koma roƙo? Ina kalangunka?"

Aka yi dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba don kaina ba ne."

"Na sani. Don malalata ne. Mutanen da ke kwana a rumfunan kasuwa, su za a gina wa soro? Ka ba su zana, ta ishe su. Wanda ke cin tuwon gidan nan, gobe ya bar gari bai ko san sunan unguwar ba."

Na ce ba baƙi kaɗai ke ci ba, akwai 'yan gari masu mutunci. Da na tsaya a nan, da babu abin faɗa.

Ya ce, "Wa? Hwaɗa mini guda."

Duk suka zuba mini ido. Na san abin da nake shirin yi, wannan ne ba zan ɓoye ba. Ba suɓutar baki ba ce. Na dubi fuskokin da suka yi mini dariya, na so in rufe musu baki. Na ambaci gidan masaƙi. Har na ƙara da zancen zaren da suke sakawa a akushi, don kada a ce ƙarya nake yi.

Wani dattijo a gefe ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Attajirin ya daina murmushi. Ya ce masaƙin nan shi ya saƙa farin da aka yi wa mahaifinsa rigar Salla, ashe haka yake ciki ba wanda ya sani. Nan take ya ce a kai mana azara duk yadda magini ya nema. Na fito ina jin kaina a sama.

Kafin azahar, barorinsa suka kora jaki da buhunan gero biyu, suka ratsa unguwa suna tambayar mutane ina ne gidan masaƙin da ba shi da abinci. Suka sauke a ƙofarsa mutane suna kallo. Masaƙin ya fito, ya yi musu godiya, ya ce an yi kuskuren gida. Ya tsaya har suka sake ɗora buhunan.

Da la'asar mai ɗakina ta kai akushi kamar kullum. Ta dawo da shi a cike, faifan ko ɗagawa ba a yi ba. Ta ajiye shi a gabana a tsakar gida, ta shige ɗaki.

Washegari Inna ta aiko a kira ni. Na iske ta tana tuƙi, ga azara an jibge a gefe magina suna ta aunawa. Ba ta ɗago ba.

"Ɗana, azarar ta yi kyau."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Inna."

"Da mi ka saye ta?"

Na fara bayanin hadari da bango. Ta ɗaga muciya ta tsayar da ni.

"Shekara da shekaru ina aika akushin nan, ko mahautan da ke ba ni ƙashi ba su san inda shi ka zuwa ba. Yanzu sauran gidajen ma sun tsorata, biyu sun ce in dakata. Shi kuwa na san shi, ba ya sake karɓa. Akwai yara a gidan nan. Ka tahi ka ga aikinka, ka bar ni da nawa."

Na ce zan je in ba shi haƙuri. Ta ce, "In za ka je, ka je hannu wofi. Ka kai masa ko ƙwayar gero, ka ƙarasa shi."

Ban je ba. Kullum ina da dalili: yau ana shimfiɗa azara, gobe ana ɗora ƙasa, jibi ana shafe da makuba don kada ruwa ya ci rufin. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Daga kan ginin ana hango gidansa, kuma ina duba ko hayaƙi zai tashi. Wata rana ya tashi kaɗan, wata rana babu. Mai ɗakina ta ji cewa matar masaƙin ta sayar da tasoshinta na aure, daga baya ta koma tsinko rama da tafasa a bayan ganuwa.

Shi kuwa bai fasa zuwa masallaci ba. Abin da ya canza mutane ne. Sai su riƙa tashi suna ba shi wuri, suna tsawaita gaisuwa da wata murya mai laushi irin ta gidan makoki. Wani ya taɓa cusa masa kuɗin wuri a hannu a bakin ƙofa, ya buɗe tafinsa ya bar su suka zube. Ni kuwa in ya ji muryata sai ya ce, "Ɗan abokina, an tashi lahiya?" kamar yadda ya saba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka gama rufi, bayan kwana biyu ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ko ɗigo bai shiga soron ba. Mai unguwa ya yaba mini a gaban jama'a, na tsaya ina amsa addu'a.

A ranar mai ɗakina ta ce mini, "Malam, ka ji Baba masaƙi ya sayar da kayan saƙarsa? Gobe za su koma ƙauye wurin ƙanensa, kafin gulbi ya cika a kasa ƙetarewa. Mutumin da aka haifa a birnin nan."

Da rana ta fito na tafi. An riga an ɗaure kaya a kan jaki, tabarmi da tukwane da ɗan abin da ya rage. Yana zaune shi kaɗai a zaure a kan buzu. Rigar ta yi masa yawa. Na yi sallama na zube a gabansa.

"Ɗan abokina ne? Na ji rufi bai yi yoyo ba. Madalla."

Na ce, "Baba, magana na zo da ita."

"In ta tafiya ce, an gama. Can akwai gona, yaran za su ci abin da danginsu suka noma, ba mai leƙa musu akushi."

"Ba ita ba ce."

"In waccan ce, ba komi. Ta wuce."

Ya so ya rufe mini hanya da kirki, kamar yadda ya yi ta yi. Na ga in na karɓi wannan ba komi ɗin, zan fita da kayana a kai. Bai fasa tafiyar ba, kuma ban sake ganinsa ba har ya rasu. Amma a ranar ya saurare ni, na ce:

"Baba, akwai komi. Ba wanda ya tilasta ni. An yi mini dariya ne, na ɗauki asirinka na kare kaina da shi, ina sane. Ka rufa wa gidanka asiri da wahala, ni na yaye shi a zauren wani don a ce na iya. Yunwar da jikokinka suka kwana da ita, da barin garin nan da za ka yi da tsufanka, duk a wuyana suke. Ba ni da abin da zan gyara da shi. Na zalunce ka, Baba. Don Allah ka yafe mini."