Katin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikin mutanen farko na ƙasar Daura da suka yi aiki da kwamfuta. A Kaduna ya yi aikin, zamanin da na'urar kan cika ɗaki guda. Ya taɓa faɗa mini tsarin aikin. Da farko a huda kati, kowace huda da ma'anarta. Sannan a jera katunan, a miƙa su ɗakin sanyi inda na'urar take. Daga nan sai jiran amsa. Huda ɗaya ta kauce, a sake daga farko.

Da ya yi ritaya ya dawo gida, kusa da Kusugu. Ni nake kai masa cefane, don haka abin da ya same shi a kan idona aka yi.

Hanyar masallaci ya fara mantawa. Sai sunayen jikoki. Bayan nan ya fara jin sanyi tsakiyar bazara, ya lulluɓa da bargo muna zufa, yana wani gunji a maƙogwaro wanda ba na mutum ba, irin na inji. Daga ƙarshe ya dubi matarsa, wadda muke kira Inna, ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Ran nan Inna ta tare ni a zaure.

"Kai ɗan nan, a rediyo na ji suna cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar wa aka sa mata?"

"Inna, suna ne kawai. Tsufa ne, likita ma ya faɗa."

"Ni ma ai na tsufa. Wa na manta?"

Na yi mata faɗa a kan camfi.

Hannunsa kuwa bai manta komai ba. Kullum bayan la'asar sai ya yanka kwalin sukari daidai wa daida, ya sa ƙusa ya yi ta huda shi layi-layi, ya ɗaga wa rana ya duba. In ya gama ya miƙa wa Inna ya ce, "A kai ciki. Ina jira."

Na kai wa mai gyaran waya ɗaya daga cikin katunan, ya juya shi ya ce bai taɓa ganin irinsa ba.

Sai Inna ta yi dabara. Wata rana ta karɓi katin da hannu biyu, ta shiga ɗaka ta jima. Gunjin ya tsaya. Ta fito ta durƙusa gabansa.

"Malam, amsa ta fito. An ce ni ce matarka, uwar 'ya'yanka."

Ya dube ta. Sannan ya karɓi katin, ya ɗaga wa rana, ya bi hudojin da ɗan yatsa.

"Akwai kuskure," in ji shi. "A sake."

Ya jawo wani kwalin. Inna ce ta miƙa masa ƙusar.