Gayaunar Yayana da Sabon Birni

Yayana ya tafi cin rani Ikko, a bakin teku, yana dako a tashar jiragen ruwa. Rani ɗaya ya ce zai yi. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa a garinmu Matankari, ba shi ba labarinsa sai ɗan saƙon baki.

A gidanmu, ɗan da ya bar gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa, mai gida yakan ba wani. Baba ya rasu, ƙanensa ne mai gida, kuma 'ya'yansa sun daɗe da sa wa gayaunar Yaya ido. Sai Inna ta ɗauki hauya tana noma ta da kanta, ni ina biye da ita ina ƙunƙuni. Wallahi na tsani gonar nan, yashi ne zalla, geronta bai taka kara ya karya ba.

Wata shekara rediyo ya ce Nijeriya za ta ɗauke babban birninta daga bakin ruwa ta kai shi can tsakiyar ƙasa. Inna ta tare malamin lakkwal, wato makarantar boko, a hanya ta tambaye shi dalili. Ya ce Ikko ta cushe, kuma tana can gefe guda. Ana son wurin da ba zai yi wa kowa nisa ba. Ta dawo gida har da guɗa. A ganinta, in gwamnati ta taso, aiki zai taso, ɗanta ma zai matso kusa da gida, ya riƙa zuwa shuka. Ta durƙusa gaban ƙanen Baba ta roƙi a bar mata gonar damina ɗaya, ya ba ta. Ta ƙara roƙon wata, bayanta duk ya sankare.

Daga baya wani ɗan garinmu ya dawo daga Ikko, ya zauna a tabarmarmu yana ta kame-kame. Ya ce Yaya lafiya lau, ya yi aure, har da 'ya'ya. Wai Yaya ya ce a faɗa wa Inna gwamnati ce za ta tashi, jiragen ruwa suna nan inda suke, shi ma haka. Gonar kuwa, a ba mai so.

Na tashi zan zage shi, Inna ta riƙe mini zane. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi ƙuna.

"Bar shi, ɗiyata," ta ce. "Je ki gaya wa ƙanen babanku gobe su shiga gonar. Ni na gaji."