Farantan Baba Olawuyi

Shekara ashirin da shida Baba Olawuyi ya yi yana kiwon ƙwayoyin cuta a kan farantai a ɗakin gwajinmu na Ibadan, kuma alfaharinsa ɗaya ne: faranti bai taɓa mutuwa a hannunsa ba. In wuta ta ɗauke, sai ya zuba farantan a kula ya hau acaɓa zuwa gidan surukinsa mai janareta. 'Ya'yansa biyar ba su sami rabin wannan gata ba.

Sai ga Remilekun, ɗaliba mai neman digiri na uku. Ƙwayar da take bincike tana fitar da dafi mai huda fatar maƙwabtanta har su tsiyaye su mutu, ita kuwa ko gezau. Remilekun na zargin akwai wata garkuwa a jikinta mai tare dafin kafin ya huda mai shi. Wata takwas ta sha kafin ta iya cire garkuwar. In ƙwayoyin suka mutu da dafin kansu, digiri ya tabbata. Ba ta gaya wa Baba haka ba, don a sashenmu ba a yi wa ma'aikaci bayani, umarni ake ba shi.

Kowace safiya sai ta tarar da farantinta cike, ƙwayoyi sun yi ɓul-ɓul. Ta sake, ta kuma sakewa. Yarinya ta rame, ko amala ba ta iya haɗiyewa, farfesanta ya fara cewa ta nemi wani batun.

Ina wurin ranar da ta kife kai a tebur tana kuka. Baba ya matso.

"'Yata, me ya yi zafi? Ai ga su nan da ransu."

"Shi ne bala'in, Baba! Mutuwa nake so su yi!"



"Mutuwa? To ai kullum sai sun mutu. Ƙarfe bakwai nake tarar da farantinki fayau. Sai in musanya da wanda na shuka daga uwarsu ta asali wadda ba ki taɓa ba, in kwaikwayi rubutunki a kai. Na ce kada ran yarinyar nan ya ɓaci."

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun Maris."

Muna cikin Satumba. Wallahi na rasa wanda zan tausaya wa a cikinsu.

Washegari ta ɗaga faranti fayau tana rawa, ɗalibai na tafi. Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya cire hularsa kamar an zo wucewa da gawa.