Ƙunshi ɗaya na Goggo Helmi

Goggo Helmi maƙwabciyata ce tun ina amarya, kuma ban taɓa ganin hannunta babu ƙarzunan ƙaya ba. Aikinta a duniya aurar da wardi. Za ta zaɓi fure tun bai buɗe ba, ta tsige masa 'yan zarurrukan ciki, ta ɗebo garin wani furen da gashin agwagwa ta shafa, sannan ta rufe da takarda don kada ƙudan zuma su riga ta. Irin da ya fito ta binne a yashi mai laima, ya sha sanyin ƙanƙara kafin ya tsiro. Uwar da take aurarwa kullum wardin gaɓar teku ce, mai ganye duk tamoji, don ita sanyin Finland bai dame ta ba. Abin da Goggo take nema shi ne rawaya, launin da wardin gaɓa ba ta san shi ba. Ta samu ja, ta samu fari, har ta haura shekara tamanin hannu ya fara rawa. Aurarwar ƙarshe da ta iya yi, tsiro ɗaya ta ba ta. Ta dasa shi a bayan shingenta, kusa da teku, shekaru yana girma babu fure.

Sai hukuma ta ce wardin gaɓa ta cinye bakin teku, a tuge ta. Gaskiya ne kuwa, jikokina ba su da wurin taka ƙafa. Na lambu da aka aurar ba su cikin dokar. Ƙauye ya kira gayya, Tauno mai gyaran jiragen ruwa ya shige gaba. Ga sharaɗin da muka yi a taro: fure mai falle biyar na daji ne, a sa masa shebur, mai falle da yawa na lambu ne, a bar shi. Goggo na wurin, har ta ɗaga hannu.

Matsalar ita ce tsironta kamar an tsaga kara da uwarsa. A bana ne ya yi ƙunshin fure na farko, guda ɗaya tak, kore shar, a rufe gam. Iskar arewa ta ƙi tsayawa, ƙunshi ya ƙi buɗewa. Ta kifa masa kwalba, ta naɗe da tsohuwar rigar sanyi, a banza.

Ranar gayya, bayan an sha kofi da burodin kirfa, muka bi gaɓa muna tugewa. Ni dai ina ganin muna matsawa wajen shingen Goggo. Muka tarar da ita a tsaye gaban tsiron da sandarta. Ta roƙi a jira ya buɗe. Tauno ya ce motar kwashe ƙaya yau kaɗai aka ba mu, kuma saiwa ɗaya in ta tsira, baɗi aikin ya dawo sabo. Ni ma na sa baki, ya ce ai tasa mahaifiyar ma jiya ta yi kuka a kan nata shingen na wardin gaɓa, bai bar shi ba. Raina ya ɓaci, amma mutumin bai yi ƙarya ba.

"Goggo, ke kika ɗaga hannu," in ji shi. "Nuna mini fallen, in wuce."

Ta daɗe tana kallon ƙunshin. Sai ta miƙo mini sandar, ta tsinke shi da kanta. Wallahi ji na yi kamar yatsa ta cire. Ta sa farce ta ɓare, tana zare fallen tana ajiyewa a tafin Tauno. Ta zare na biyar, ta lalubi ciki, babu saura.

"Biyar ne," ta ce. "Ɗauki sheburinka, ɗan nan."

Tauno bai motsa ba, tafinsa kawai yake kallo. Na leƙa. 'Yan fallen ba su fi farcen jariri ba, amma rawaya ne, kamar man shanu. Tun da nake ban taɓa ganin haka a gaɓar nan ba, shi ma haka.

"Wannan ba ta daji ba ce," ya ce. Ya juye mata su a hannu, ya saɓa shebur, jama'a suka bi shi.

Na yi zaton za ta yi murna, sai ta zauna a kan yashi tana kuka. Ta ce tun tana da ƙarfinta take jiran furen nan, ga shi ya zo, ita ce ta kashe shi da farcenta. Na ce ta yi haƙuri, tsiron na nan, baɗi zai cika da fure.

"Shi kam zai kai baɗi," ta ce.

Na kama ta muka shiga gida, hannunta na dama a dunƙule da fallen. Ko da na miƙa mata kofi, da hagu ta karɓa.