Na Ara Mata Kod Ɗina, Na Rasa Jami'a

Shekarar da na ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, ina da shekara ashirin, 'yar manomin tattasai a bakin kogin Komadugu, ko Zinder ban taɓa wucewa ba. Ni ce ta farko a gidanmu da ta tafi jami'a, can babban birni, tafiyar kwana biyu daga Diffa. Ba zan ɓoye muku ba, na sha kaɗaici. Da na buɗe baki sai a kwashe da dariya, wai Hausata duk Barbarci ce. Sai na koyi yin shiru. Ɗakin kwamfuta kaɗai nake sakewa, don can ba mai sa ni magana.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne mai gilashi. Shi ya ba kowannenmu kod na sirri don shiga intanet ɗin jami'a, ya kuma ja mana kunne cewa duk abin da aka aikata da kod ɗin mutum, shi ya aikata. Na ji da kunne, amma a raina na ce rowar 'yan birni ce kawai. Mu a wurinmu, in maƙwabci ya zo aron injin ban ruwa ba a tambayarsa dalili, miƙa masa ake yi.

Ana nan sai wata ɗaliba ta gane ni a layin abinci, ta gaishe ni da Barbarci. 'Yar wasu mutanen Zinder ce masu kanti a kasuwar Diffa. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Muka shaƙu, kwano ɗaya muke ci. Ran nan ta ce an rufe kod ɗinta, in ara mata nawa ta aika wa yayanta saƙo. Ban tambayi abin da ya sa aka rufe ba. Na rubuta mata a tafin hannu, har ina jin daɗi yau ni ma wani ya nemi abu a wurina.

Bayan mako biyu dattijon ya kira ni ofis. Ya juyo mini allo, ya nuna rana da sa'a: da sunana aka kwashe tambayoyin jarrabawa daga ajiyar wani malami. Ya ce ya san ba aikina ba ne, mai wannan ya fi ni sanin na'ura nesa ba kusa ba. Ya kira ni 'yarsa, ya roƙe ni in faɗi wanda na ba, ya ba ni kwana uku. Sau biyu ina zuwa ɗakin ƙawar tawa ban same ta ba. Ni kuwa an rene ni a kan ba a tona asirin wanda aka ci abinci da shi, sai na zauna jiran ta zo da kanta. Ba ta zo ba. Rana ta uku na ce masa ni ce na kwashe. Ya cire gilashinsa. Aka kore ni.

Da na dawo Baba bai tambaye ni komai ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Na koma shanyar tattasai, matan unguwa suna tsokanata da Madam Jami'a. Ba wanda na faɗa wa gaskiya. Bayan shekara biyar, ranar kasuwa, na ga ƙawar tawa a ƙofar kantin babanta, ta zama ma'aikaciya. Ta rungume ni, ta dube ni ido cikin ido, ta tambaye ni me ya sa na bar karatu ba sallama, ni da nake da ƙoƙari haka. Na ce mata rashin lafiya ce. Har yau ban sani ba ko ta san abin da ya same ni.

Ƙannena masu shirin tafiya jami'a, don Allah ku ji. Kod ɗinku sunanku ne, wanda kuka ara wa zai yi yawo da shi inda ba ku taɓa zuwa ba. Kada kewar gida ta sa ku miƙa shi ga duk wanda ya gaishe ku da yarenku. In kuma abu ya ɓaci, ku faɗi gaskiya tun ana tambayarku da lalama. Ni na ba da karatuna don rufa asirin wadda ko sau ɗaya ba ta roƙe ni in rufa mata ba.